Lokacin da himmata ta mutu

An haife ni a Aboabo, cikin Kumasi, a gidan haya mai tsakar gida ɗaya da iyalai da yawa. Fataucin goro ne ya kawo kakana garin nan, mahaifina ya gaji rumfarsa a kasuwa, ya rasu ina ajin ƙarshe na firamare. Ni ne babba a ɗakinmu, saboda haka tun ban kai ko'ina ba aka saba ba ni ajiya: kuɗin cefane, littafin bashin rumfa, daga baya kuɗin makarantar ƙannena. Na yi boko da safe, allo da yamma, na zama malamin makaranta, sannan na je Jami'ar Cape Coast na karanta ilimin halayyar ɗan Adam da aikin ba da shawara. Aikina a makaranta shi ne zama da yaran da suka yi sanyi da karatu in gano abin da ya tsayar da su. Na faɗi wannan ne don a san cewa abin da zan bayyana, wato ciwon damuwa, ya sami mutumin da ya karanta shi a aji, ya ci jarrabawa a kansa, har yana koya wa wasu.

Akwai kuɗi iri uku a hannuna: abin da na tara don sayen fili, kuɗin Hajjin Mma, mahaifiyata, da muka daɗe muna haɗawa ni da ƙannena, da kuɗin susu, wato adashe, na wasu abokan aiki da suka ce in riƙe musu. Duka na sa su a wani kamfanin zuba jari mai lasisi. A watan Nuwamban 2019 hukumar da ke kula da irin waɗannan kamfanoni ta soke lasisin guda 53, namu yana ciki, kuɗin suka maƙale. Ba zan tsaya kan wanda ya jawo hakan ba, ba shi ya kawo ni ba.

Watannin farko ƙarfina bai ragu ba. Ina cike takardu, ina bin layi, ina buga waya, ina zuwa aiki. Ina cikin damuwa sosai, amma ina motsi. Abin ya sauya ne a Maris na 2020, da aka rufe makarantu saboda korona, aka hana taro a masallatai, sannan ran 30 ga watan aka kulle Akra da Kumasi har mako uku. Yawancin ƙananan azuzuwa ba su koma ba sai Janairun 2021. A cikin 'yan makonni na rasa aji, na rasa sahun jam'i, na rasa zaman ataya da abokai, ga takardun da na cike babu wanda ya ce komai a kansu.

Daga nan na fara farkawa ƙarfe uku na dare in kasa komawa barci. Abinci ya daina yi mini ɗanɗano, wandona ya soma faɗuwa daga ƙugu. In karanta shafi ɗaya in kai ƙarshe ban san me na karanta ba. Wanka ya zama aikin da sai na yi shawara da kaina kafin in yi shi. Wanda ya fi ba ni tsoro shi ne na daina son komai. Ko ƙwallon Asante Kotoko da nake bi tun ina yaro, in an yi zancenta sai in ji kamar ana maganar wasu mutane a wata ƙasa. 'Yata ƙarama ta hau cinyata, na san ina ƙaunarta, amma ba na jin komai a ƙirjina. A gida wasu suka ce lalaci ne, wasu suka ce sammu, wani kawuna ya ce ƙarancin tawakkali.

Ma'aunin da likitoci ke amfani da shi a fili yake. Alamomin ciwon damuwa tara ne: ɓacin rai mafi yawan yini, rasa sha'awar abin da ake so a da, sauyin cin abinci ko nauyin jiki, matsalar barci, sanyin jiki ko rashin iya zama wuri ɗaya, gajiya, jin ba ka da amfani ko ganin laifin kai fiye da kima, kasa tattara hankali, da tunanin mutuwa. Idan biyar daga ciki sun haɗu, ɗaya daga cikinsu ɓacin ran ne ko rasa sha'awar, kuma suka kai mako biyu suna hana mutum harkokinsa, an wuce baƙin ciki na yau da kullum. Akwai takardar tambayoyi tara da ake kira PHQ-9, kowace tambaya maki 0 zuwa 3, jimla 27. Daga 10 zuwa sama ana buƙatar kulawa, daga 20 abin ya yi tsanani. Da maiɗakina ta matsa muka je asibiti, nas ɗin sashen lafiyar ƙwaƙwalwa ta cike mini ita, na tashi da 19.

Kafin a ce ciwon damuwa ne sai da aka ɗebi jinina, kuma haka ya kamata a yi wa kowa. Ƙarancin jini, ciwon sukari da raunin aikin ƙwayar nan ta maƙogwaro da ke jawo maƙoƙo duk suna kawo gajiya da sanyin jiki iri ɗaya, maganinsu kuma daban ne. Nawa jinin lafiya lau.

Abu na farko da na laluba a cikin abin da na karanta shi ne matakan buƙatu na Abraham Maslow, na 1943, wanda duk malamin makaranta a Gana ya haddace: abinci da barci, tsaro, ƙauna, mutunci, sannan cika burin kai. Bai yi mini amfani ba. Albashina yana shiga, akwai abinci, akwai rufi, akwai iyali, amma na kasa tashi. Ni dama ban taɓa gamsuwa da cewa buƙatu suna bin layi haka ba, duk wanda ya ga tsohuwa tana azumi da yunwa don neman lada ya san ba sa bi.

Wanda ya bayyana halina shi ne aikin Martin Seligman da Steven Maier na 1967. Sun yi gwaji da karnuka, kuma a yi mini haƙuri da misalin, da su aka yi binciken. An kasa su: wasu ana ba su ɗan jan lantarki amma suna da abin dannawa su tsayar da shi, wasu kuma duk abin da suka yi ba ya tsayawa. Daga baya aka sa su a akwatin da tsallake ƙaramin shinge kawai zai fitar da su. Na farko suka tsallake. Mafi yawan na biyu suka kwanta, ga hanya a buɗe ba su ko gwada ba. Abin da ya fi muhimmanci gare ni shi ne yadda aka warkar da su. Kira da lallashi bai yi aiki ba, sai da aka riƙa jan su da igiya ana tsallakar da su shingen, a maimaita, a maimaita, har suka fara yi da kansu. A 2016 mutanen biyu suka dawo suka gyara bayaninsu bisa abin da aka gano a ƙwaƙwalwa: sanyin jiki shi ne abin da jiki ke yi da kansa idan wahala ta daɗe, abin da ake koya shi ne cewa motsina yana sauya wani abu. Ni na yi watanni ina motsi a kan kuɗin nan babu abin da ya sauya, sai kuma aka ɗauke ajin da a kullum nake ganin tasirin hannuna a cikinsa.

A 1978 Lyn Abramson da Seligman da John Teasdale suka ƙara cewa yadda mutum ke fassara musibar yana da hannu a zurfin faɗuwarsa. Tambayoyi uku ne. Daga gare ni ne ko daga yanayi? Zai dawwama ko zai wuce? Ya shafi komai nawa ko wannan abu kaɗai? Amsoshina a lokacin: ni ne, har abada, kuma komai. Ban ce an yi asarar kuɗi ba, cewa nake ni ba mai amana ba ne, ban taɓa zama ba, kuma ba ni da abin da zan koya wa ɗan kowa.

A nan ne hali ya shigo. Ƙanena da ke sayar da kayan gyaran mota a Suame Magazine, unguwar makanikai ta Kumasi, shi ma kuɗinsa na ciki. Ya yi faɗa, ya yi kwana biyu ba ya magana da ni, ya koma shago. Uwa ɗaya uba ɗaya, asara ɗaya. Masu nazarin hali, irin su Paul Costa da Robert McCrae, sun tattara bambancin mutane a manyan sifofi biyar: son sabon abu, tsari da riƙon alkawari, son shiga jama'a, sauƙin kai da tausayi, da saurin shiga damuwa. Kowa yana da kowace, yawa ne ya bambanta. Binciken tagwaye ya nuna kusan kashi 40 zuwa 50 cikin ɗari na wannan bambanci gado ne. Ni ina sama a tsari da riƙon alkawari, ina sama a saurin damuwa, ina ƙasa a shiga jama'a. Ƙanena akasin haka yake a biyun ƙarshe. Haɗin da nake da shi shi ne ya sa ake ba ni ajiya, kuma shi ne ya sa ɓatan ajiyar ya kayar da ni. Hausawa na cewa hali zanen dutse, akwai gaskiya a ciki, amma binciken da ya bi mutane shekaru da yawa ya nuna yana motsawa a hankali, yawanci natsuwa da tsari suna ƙaruwa da shekaru. Amfanin sanin halinka shi ne ka san ta inda za ka karye, ka ajiye mai kula da wajen.

Likita ta ɗora ni a kan ƙwaya guda kullum da safe, daga irin su fluoxetine. Mutane da yawa suna yar da maganin nan tun bai fara aiki ba, domin ba a yi musu bayani ba. Ba ya aiki kamar maganin ciwon kai. Makon farko abin da ake fara ji shi ne illarsa, tashin zuciya ko ciwon kai ko rashin barci, amfaninsa kuma sai mako biyu zuwa shida yake bayyana. Idan an ji sauƙi ana ci gaba da sha aƙalla wata shida, kuma ba a yanke shi rana ɗaya, likita ce ke rage shi sannu a hankali. Wanda ya taɓa yin lokacin da kuzari ya yi masa yawa, ba ya barci, yana ta kashe kuɗi da surutu, lallai ya gaya wa likita kafin a ba shi, domin wannan ciwo ne daban kuma ƙwayar ita kaɗai tana iya tayar da shi. Ban daina addu'a ba, ban hana Mma kawo rubutu ba, ina sha, ƙwayar ma ina sha.

Maganin ya dawo mini da barci da ɗan ƙarfi, amma bai tashe ni daga kan tabarma ba. Wannan wani aiki ne dabam, tushensa bayanin Peter Lewinsohn na 1974: idan abubuwan da ke ba mutum lada a rayuwarsa ta yau da kullum suka ragu, sai ya rage motsi, rage motsin ya ƙara rage ladan, a yi ta zagayawa. Mu mun saba ɗauka cewa sai an ji sha'awa ake yin abu. A ciwon nan jerin ya juye, sai an yi abin tukuna sha'awar ke biyowa, kuma tana makara. Duk wanda batirin motarsa ya taɓa mutuwa ya san ba a zama ana murɗa makulli, turawa ake yi ta tashi, in inji ya yi ta juyawa batirin ya ɗauki caji.

Makon farko ba a sauya komai, rubutu kawai ake yi. Na raba takarda da lokutan salla maimakon awoyi, domin su ne agogon da ya rage mini: bayan Asuba, hantsi, bayan Azahar, bayan La'asar, bayan Magariba, bayan Isha. A kowane gida in rubuta abin da na yi, ko da kwanciya ce, in ba yanayin raina maki daga 0 zuwa 10. Da an tambaye ni sai in ce duk yinin ɗaya ne, baƙi ƙirin. Takardar ta ƙaryata ni. Hantsi a kwance yana ba ni 1 ko 2, rakiyar yarinya sayen koko da ƙosai yana ba ni 4. Tazarar ba yawa, amma a kanta aka gina sauran.

Mako na biyu aka zaɓi abu uku a yini: ɗaya na dole, ɗaya wanda nake jin daɗinsa a da, ɗaya tare da mutane. Kowane minti goma kacal. Girman aikin shi ne inda aka fi yin kuskure, domin mutumin da ya saba koyar da aji biyar a yini yana jin kunyar rubuta share ƙofar ɗaki a matsayin aikin yau, sai ya rubuta babban abu, ya kasa, ya samu sabuwar hujjar cewa ba shi da amfani. Ƙa'idar ita ce a zaɓi abin da za a iya yi a rana mafi muni. Sannan kowane aiki a ɗaure shi da lokaci da wuri. Peter Gollwitzer ya nuna a 1999 cewa niyya mai siffar "idan kaza ya faru, zan yi kaza" ta fi "zan ƙoƙarta" cika nesa ba kusa ba, domin ta ɗauke wa mutum yanke shawara a lokacin da ba shi da ƙarfin yanke ta. Tawa ita ce: idan na sallame Asuba, ba zan koma ɗaki ba, zan taka zuwa bakin titi in dawo. Takalmin a bakin ƙofa yake kwana.

Ana yin aikin ko an ji daɗi ko ba a ji ba, kuma makonnin farko ba a jin daɗin. Wanda ya auna nasara da daɗi zai bari. Abin da ake dubawa kawai shi ne an yi ko ba a yi ba. Akwai kuma tarkon rana mai kyau: ranar da aka tashi da ƙarfi sai a ce bari a rama duk abin da aka bari, a wanke, a gyara, a ziyarci dangi, washegari a kasa ɗaga kai, a ce ai ciwon ya dawo. Ko da ƙarfi ya zo, a tsaya inda aka tsara, a ƙara minti biyar a mako mai zuwa.

Barci ma sai da aka yi masa doka. Lokacin tashi ɗaya kullum, ko daren ya yi kyau ko bai yi ba. Ƙailula kada ta wuce minti 30. Ataya da goro su tsaya daga Azahar, domin sinadarin da ke cikinsu yana ɗaukar kusan awa biyar kafin rabinsa ya bar jini, wanda ya sha kofi uku bayan Isha da shi zai kwana. In an farka tsakar dare aka kasa komawa, a tashi daga shimfiɗa a yi wani abu mai sanyi, karatu ko tasbihi, sai barci ya zo a koma. Ga samarinmu kuma da ke neman ƙarfin jiki a tiramol: yana ba da kuzarin awoyi, ya karɓi na kwanaki, kuma haɗa shi da irin ƙwayar da aka ba ni yana da haɗari ƙwarai, har farfaɗiya yana kawowa.

Waya ce ta zame mini dodo. Da ta yi ƙara sai gabana ya faɗi, tafin hannuna ya jiƙe, in kife ta. William James ya ce tun 1884 jiki ne ke fara motsi, jin tsoron yana biyo baya. Stanley Schachter da Jerome Singer suka ce a 1962 bugun zuciyar kusan iri ɗaya ne a tsoro da fushi da murna, sunan da mutum ya ba shi daga abin da ke kewaye da shi ne ke bambanta su. Richard Lazarus kuma ya ce hukunci biyu ake yankewa cikin ƙiftawar ido: wannan abu barazana ne gare ni? Ina da abin tunkararsa? Masana suna ta muhawara kan wanda ya fi gaskiya, ni dai na ɗauki abin aiki daga kowane. Ta wajen jiki, numfashi: a ja ana ƙirga huɗu, a sake ana ƙirga shida, kamar sau shida a minti, na minti biyu ko uku. Fitar numfashi a hankali yana rage gudun zuciya. Hadisin da ya ce mai fushi in yana tsaye ya zauna, in bai huce ba ya kwanta, ta jiki shi ma ya bi. Ta wajen hukunci kuma, tambayar Lazarus ta biyu ce ke kashe ni, domin ba ni da amsar da zan ba mai bin kuɗinsa. Ranar da na samu amsa, tsoron wayar ya ragu da kansa.

Amsar lissafi ce. Na rubuta sunan kowa da abin da yake bi, na cire abin da gida ke ci daga albashi, na ga abin da ya rage a wata, na raba. Masu ƙaramin kuɗi da masu buƙatar gaggawa suka zo farko. Sannan na je wurin kowa da ƙafata, ɗaya a mako, na faɗi adadi da ranar biya. Wasu sun yi mini magana mai zafi, wani ya yafe rabi, babu wanda ya yi mini abin da nake tsoro a daren da nake kwance ina ƙirƙira shi.

Mma ce ta ƙarshe, kuma ita ce mafi wuya. Masu bincike irin su June Tangney sun raba abu biyu da muke haɗawa. Akwai jin cewa na yi abin da ya cutar da wani, wannan yana tura mutum ya gyara. Akwai kuma jin cewa ni kaina ne abin ƙi, wannan ɓuya yake sa mutum, ya guji idon wanda ya fi buƙatar gani. Na biyun ne ya hana ni shiga ɗakinta in zauna kamar da, sai gaisuwa daga bakin ƙofa. Da na durƙusa na ce, "Mma, kuɗin Makkanku sun maƙale, ban san ranar fitowarsu ba," sai ta ce ƙanena ya gaya mata tun watan da abin ya faru. Ta ce, "Malam, Makka sai wanda aka kira. Kai dai ka ci abinci." Watanni tana kallona ina ramewa, tana jiran in buɗe baki, kara ta hana ta fara yi mini zancen.

Mu maza an raine mu a kan cewa haƙuri shi ne a haɗiye. James Gross ya gwada wannan a ƙarshen shekarun 1990: mutanen da aka ce su ɓoye abin da suke ji a fuska, jin bai ragu ba, jikinsu kuma ya ƙara tashi. Waɗanda suka sauya yadda suke kallon abin su ne suka samu sauƙi. Annabi Yakubu, da Alƙur'ani ya ba da labarin kyakkyawan haƙurinsa, idanunsa sun yi fari don baƙin ciki, kuma ya faɗa da bakinsa cewa yana kai kukansa ga Allah. Abu Zaid al-Balkhi, malamin Musulunci da ya rayu fiye da shekara dubu da ta wuce, ya raba baƙin ciki mai sanannen dalili da wanda ke zuwa ba dalili, ya ce na biyun yana da alaƙa da jiki kuma yana son magani. Da kawuna ya ji wannan ya rage zancen tawakkali, ko da yake bai bari gaba ɗaya ba.

Saƙe-saƙe kuma na yanka masa lokaci, minti 15 bayan La'asar, da biro da takarda. In tunani ya zo a wani lokaci sai in rubuta kansa in ce sai La'asar. A zaman, duk tambayar da ta fara da "me ya sa" ana mayar da ita "me zan yi". Wadda ta ƙi mayuwa, ba ta da aiki, a bar ta.

Ga masu jinyar irin wannan mutum a gida, abin da na gani ya yi daidai da bayanin Edward Deci da Richard Ryan, cewa himma mai ɗorewa tana tsaye a kan buƙatu uku: mutum ya ji shi ke zaɓa, ya ji ya iya wani abu, ya ji yana da mutane. Dangi saboda tausayi sukan cika ta ukun su kashe biyun farko. A karɓe masa cefane, a hana yara zuwa wurinsa, a yanke komai ba a tambaye shi ba, a ce ya huta. Maiɗakina ta yi akasin haka. Ba ta cewa tashi ka yi wani abu, sai ta ce, "Malam, aikin gidan yarinyar nan za ka duba ko kai za ka je sayen gawayi?" Zaɓi biyu, duka ƙanana, duka ana buƙatarsu da gaske. Gori da kwatanta shi da wane da ya fi shi asara ba sa tayar da kowa, kunyar da ta kwantar da shi suke ƙarawa. Albert Bandura ya nuna a 1977 cewa cikin abubuwan da ke gina yardar mutum da iyawarsa, baki shi ne mai rauni, mafi ƙarfi shi ne ya yi abu da hannunsa ya ga ya yiwu.

Tambaya ta tara a takardar PHQ-9 kan tunanin mutuwa take, kuma ban ba ta sifili ba. Ban shirya komai ba, amma na sha kwanciya ina fatan kada in farka. A tambayi mutum kai tsaye, tambayar ba ta sa masa tunanin, sau da yawa ita ce ke ba shi damar magana. In ya ce yana da shiri, kada a bar shi shi kaɗai, a kawar da magunguna da maganin ƙwari daga ɗakin, a kai shi asibiti a ranar. Tun 2023 majalisar dokokin Gana ta cire yunƙurin kashe kai daga jerin laifuffuka, saboda haka tsoron 'yan sanda kada ya hana kowa. Manyan asibitocin ƙwaƙwalwa na gwamnati uku ne, na Akra da Pantang da Ankaful, duka a kudu, amma ba sai an je can ba. Asibitin Komfo Anokye da ke Kumasi yana da sashensa, kuma dokar lafiyar ƙwaƙwalwa ta 2012 ta sa a kai wannan aiki kusa da jama'a, ana samun nas-nas ɗinsa a asibitocin gundumomi.

Na koma aji da aka buɗe makarantu, makina na PHQ-9 ya sauka ƙasa da 5, likita ta janye ƙwayar a hankali. Wani kaso na kuɗin ya fito, na gama biyan abokan aikina, fili ban saya ba, Mma ba ta je Makka ba tukuna, mun sake fara tarawa. Sha'awar ƙwallo ce ta fi komai jinkirin dawowa. Kusan rabin waɗanda suka yi ciwon nan sau ɗaya yana sake dawo musu, don haka ni da maiɗakina muka rubuta alamomina na farko guda uku: farkawa kafin kiran salla na farko in kasa komawa, kife waya, da komawa shimfiɗa bayan Asuba. In biyu suka haɗu suka kai mako guda, takardar lokutan salla za ta fito. In suka kai mako biyu, ita za ta kira nas ɗin, ko na yarda ko ban yarda ba.